Sabo da Saɓo: Shin Kirista Zai Iya Zama Cikin Zunubi Don Akwai Alheri?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tsarin sauti ya san wahalar da kalmomin nan uku kan ba mai koyon Hausa: sabo kishiyar tsoho, da sabo na abin da mutum ya saba yi har ya zame masa jiki, da kuma saɓo, wato yi wa Allah laifi. Biyun farko karin sauti ne ya raba su, a rubuce kuwa kamarsu ɗaya. Na ukun ƙugiya guda ce a kan harafi ta ware shi. Malamai kan kawo su domin gwada kunnen ɗalibi. Ni kuwa na kawo su ne saboda sun tattara wata muhawara da Kiristoci suka kusa shekara dubu biyu suna yi: mutumin da ya ba da gaskiya ga Almasihu, aka ce ya zama sabon mutum, zai iya mayar da saɓo abin sabonsa, kuma ya ci gaba da amsa sunan Kirista?

Mai karatu zai iya cewa me ya kawo zancen majami'a cikin mujallar ɗaliban harshe. Abin da ya kawo shi, rabin rigimar a kan kalmomi take: mece ce ma'anar alheri, mece ce ma'anar shari'a, kuma a wane lokaci aka sa wani aikatau. 'Yan'uwa ɗalibai da ba Kiristoci ba ma ba za su ɓata a hanya ba, domin zunubi da tuba da gafara da shari'a da alheri duk aro ne daga Larabci. Masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932 da hannun Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, a bakin Hausawa suka tarar da waɗannan kalmomi, suka ɗora musu sabon kaya.

Ra'ayina shi ne, Kirista yakan faɗi cikin zunubi, yana ma iya faɗawa cikin iri ɗaya sau da yawa har tsawon shekaru. Abin da ba zai iya ba shi ne ya shimfiɗa tabarma a ciki ya ƙulla zaman lafiya da shi. Kuma abin da ke hana shi wannan zaman, alherin ne da kansa, tun kafin a zo ga bulalar shari'a.

Tambayar ta girmi majami'unmu

Manzo Bulus ne ya fara yi wa kansa wannan tambaya. A wasiƙar da ya rubuta wa Romawa daga Koranti wajen shekara ta 57, ya ɗauki surori biyar yana kafa hujjar cewa ba wanda Allah yake karɓa saboda ya cika shari'a, Bayahude ne ko wanda ba Bayahude ba. Kyauta ake karɓar mutum ta wurin bangaskiya. A ƙarshen sura ta biyar har ya kai ga nuna cewa komai tulin zunubi, alherin Allah ya rinjaye shi. Mai wayo da ya ji haka sai ya yi lissafin 'yan kasuwa: to, a ƙara zunubin mana, riba ta ƙaru. Bulus ya san za a yi wannan lissafi, domin tun a sura ta uku ya koka cewa wasu na yi masa ƙazafin koyar da hakan. Shi ya sa ya buɗe sura ta shida da tambayar, ya kuma ƙi ta da kakkausar murya.

Hujjar da ya bayar ita ce abin lura. Bai ce doka ta hana ba, bai kuma yi barazana da wuta ba. Cewa ya yi wanda aka yi wa baftisma ya mutu tare da Almasihu, an binne shi, kuma matacce ba ya ci gaba da zama a tsohon gidansa. Daga nan ya kawo misalin bawan da ya sauya ubangiji, wanda ba shi da dalilin amsa kiran na dā. Aikatau ɗin da ya yi amfani da shi a tambayar, a Helenanci, shi ne epimeno, wato ci gaba da zama a wuri. A littafin Ayyukan Manzanni da shi ake faɗin cewa matafiya sun yada zango sun ƙara kwanaki a wani gari. Ke nan tun daga tushe, zama Bulus yake magana a kai. Tuntuɓe wani zance ne daban.

A wasiƙarsa ga Galatiyawa kuwa, ta ɗaya gefen aka ɓullo masa. Wasu malamai sun bi sawunsa suna gaya wa sababbin masu bi cewa sai sun yi kaciya sun ɗauki dokokin Musa kafin cetonsu ya cika. A nan Bulus ya fi zafi fiye da ko'ina. Ya kwatanta shari'a da bawan nan na gidajen Helenawa wanda aikinsa shi ne raka ɗan maigida makaranta da tsare shi a hanya. In yaro ya girma, rakiya ta ƙare. Amma a wannan wasiƙar dai, a sura ta biyar, ya ja kunne kada 'yanci ya zama ƙofar biye wa son zuciya, ya kuma jera ayyukan da ya ce masu yin su ba su da gādo a mulkin Allah. Zan dawo kan wannan jeri, domin akwai abin da muke tsallakewa a cikinsa.

Kalmar da ake fassarawa da shari'a a nan ita ce nomos, kuma galibi Attaurar Musa Bulus yake nufi. Wasu fassarorin Hausa sun sa Shari'a, wasu sun sa Doka, kowace kuwa da nata nauyin. Tun da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kunnen ɗan Nijeriya in ya ji kalmar, alƙali da kotu da siyasa yake ji. Doka kuma tana jan hankali zuwa ga gwamnati da ɗan sanda. A Ibrananci kuwa asalin kalmar Attaura koyarwa ce, irin wadda uba kan yi wa ɗansa. Saboda haka saurayin da ya ji daga bagade cewa mai bi ya fita daga ƙarƙashin doka, abin da ke zuwa masa shi ne titin da aka janye shingen jami'an tsaro, kowa ya taka mota yadda ya ga dama. Ba laifinsa ba ne kacokan, kalmar ce ta kai shi can.

Lokaci sabau

Inda ɗaliban nahawu za su fi jin daɗi shi ne wasiƙar Yohanna ta fari. A sura ta ɗaya marubucin ya ce duk mai da'awar ba shi da zunubi yaudarar kansa yake yi. A sura ta uku kuma ya ce haifaffe daga Allah ba mai yin zunubi ba ne, har ma ba ya iyawa. Wasiƙa ɗaya, marubuci ɗaya, tsakaninsu shafi ɗaya ko biyu. Yaya za a yi da su?

Mafitar da ta fi yaɗuwa ta nahawu ce. Aikatau na sura ta uku suna cikin sigar da a Helenanci kan nuna aikin da ke ci gaba, don haka wasu fassarorin Turanci na zamani suka ƙara kalmomin da ke nuna nacewa, alhali tsofaffin fassarori ba su ƙara ba. Hausa a nan ta fi Turanci kayan aiki, domin muna da lokaci sabau tsaf da manuninsa, wato "kan". Dubi matakan nan: Audu ya sha, Audu yakan sha, Audu mashayi ne. Na farko shuɗaɗɗen aiki ne guda. Na biyu ɗabi'a ce mai maimaituwa. Na uku kuwa, da ɗafa-goshin "ma-", aikin ya tashi daga aiki ya koma sunan mutum, kamar maƙaryaci da mazinaci da macuci. Bahaushe ba ya kiran wanda ya yi ƙarya sau ɗaya maƙaryaci, sai ya ga ta zama sana'a.

Sai dai kada mu ɗora wa nahawu abin da ba zai ɗauka ba. Masana Helenanci da dama sun nuna cewa sigar aikatau ita kaɗai ba ta isa ta raba gardamar ba, tun da marubucin ya yi amfani da wannan sigar a sura ta biyar game da ɗan'uwa mai bi da aka gani yana zunubi, ya ce a yi masa addu'a. Kuma ko da mun yarda "kan" ake nufi, matsala ba ta ƙare ba. Wane Kirista ne zai rantse cewa ba yakan yi fushi ba, ko ba yakan yi gulma ba? In lokaci sabau shi ne iyakar da ke raba 'ya'yan Allah da waɗanda ba su ba, to kujerun majami'u za su zama fayau. Abin da nahawu ya ba mu shi ne bambancin matakai, amma ainihin layin yana wani wuri.

Sarƙar da mutum ya ƙera wa kansa

Ba wanda ya bayyana ƙarfin sabo kamar Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya kuma zama bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ya yi shekara goma sha wani abu yana zaune da macen da bai aura ba, har suka sami ɗa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa yakan roƙi Allah kamun kai, amma ya haɗa da roƙon a ɗan jinkirta masa. A littafinsa na ikirari ya kwatanta abin da sarƙa mai zobe huɗu: karkatacciyar niyya ta haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama tilas. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa sabo turken wawa. An yi masa baftisma a Milan a 387.

Abokin gardamarsa, Pelagius, wani mai tsantseni ne daga Birtaniya da ya zo Roma ya ga Kiristoci suna sheƙe ayarsu suna fakewa da raunin ɗan Adam. Abin ya ɓata masa rai, kuma da gaskiyarsa. Maganin da ya kawo shi ne: tun da Allah ya umarta, to mutum zai iya, a tashi a yi kawai. Majalisar Kartej ta 418 ta ƙi koyarwarsa. A ganina ta yi daidai, kuma ba sai mutum ya karanta tauhidi zai gane dalili ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan an ga irin ɓarnar da yake yi wa matasa. Dokar tana da kyau, ta kira abin da sunansa, ta kuma rage saukin samunsa. Amma yaron da jikinsa ya riga ya kama, sanarwar minista ba ta kwance masa turke. Ya san haramun ne tun kafin minista ya sani. Abin da ya rasa ƙarfi ne, da wanda zai riƙe hannunsa.

John Calvin ya lissafa wa shari'a amfani uku: madubi ce mai nuna wa mutum dattinsa, linzami ce mai tsare mugu daga ɓarna, jagora ce kuma ga wanda ya riga ya tuba. Ko ɗaya cikin ukun ba sabulu ba ne. Cocin Katolika ma, a littafinta na koyarwa na 1992, ta yarda cewa sabo da tsoro da matsi suna iya rage nauyin alhakin mutum a kan abin da ya aikata, ba tare da an ce abin ya daina zama laifi ba.

Daga Jamus zuwa Legas

Martin Luta, wanda ya tayar da guguwar gyara a 1517, ya koyar da cewa mai bi barataccen mutum ne kuma mai zunubi a lokaci guda. Bai daɗe ba ya ga inda wasu suka kai zancen. Almajirinsa Johann Agricola ya fara koyar da cewa ba a bukatar wa'azin Dokoki Goma a majami'a, bishara kaɗai ta isa. Suka yi ta fafatawa daga 1537 zuwa 1540, Luta ya laƙaba musu sunan masu gāba da doka, ya rubuta littafi a kansu a 1539. John Wesley a Ingila ya ja ta wancan gefen, ya ce mai bi na iya kai wa matsayin da ƙauna za ta cika zuciyarsa har ya daina saɓa wa sananniyar doka da gangan. A 1937, lokacin da yawancin majami'un Jamus suka sunkuyar wa Hitila kai, Dietrich Bonhoeffer ya rubuta cewa alheri mai araha, wato gafarar da ake rabawa ba tuba ba bin Almasihu, shi ne babban maƙiyin ikkilisiya. An rataye shi a watan Afrilun 1945. Wannan ya kamata ya tuna mana cewa zunubin da ake sabawa da shi ba a gado da kwalba kaɗai yake ba, har da yin shiru a gaban zalunci.

A ƙasar nan duka ɓangarorin biyu suna da masu magana. A 1973 W.F. Kumuyi, malamin lissafi a Jami'ar Legas, ya fara ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da mutum 15, wanda ya zama Deeper Life. An san su da wa'azin tsarki, da nacewa a kan mayar wa mutane haƙƙinsu bayan tuba, da kuma tsananin ƙa'ida kan ado da kallon talabijin a shekarun farko. A ɗaya gefen akwai koyarwar da ta bazu ta tauraron ɗan Adam da intanet, wadda Joseph Prince na Singafo ya yi fice da ita tun littafinsa na 2007: an riga an gafarta wa mai bi zunubansa na jiya da na yau da na gobe, don haka ba ya bukatar furta su domin neman gafara. Adalci ne a faɗi cewa shi Prince yana musanta cewa lasisin zunubi yake bayarwa. Hujjarsa ita ce wanda ya san an karɓe shi shi ne ke samun ƙarfin daina laifi.

Kowanne yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Masu wa'azin tsarki sun yi daidai da suka ce tuban da ba a ga alamarsa ba tuban muzuru ne, kuma zancen mayar da haƙƙi abu ne da ƙasa irin tamu take matuƙar bukata. Haɗarinsu shi ne jerin ƙa'idoji kan zama ma'auni, kuma abin da ido ke gani kaɗai jeri ke iya aunawa: ɗan kunne, tsawon siket, ɗaurin kallabi. Wanda ke fama a ɓoye sai ya koyi ɓoyewa da kyau. Masu wa'azin alheri kuma sun yi daidai da suka ce tsoro ba ya warkar da kowa. Amma in ka cire furta laifi daga rayuwar mai bi, ka cire lokacin da yake buɗe baki ya kira abin da sunansa, kuma nan gaba za a ga dalilin da ya sa nake ganin wannan babbar asara ce.

Me Bahaushe ke nufi da alheri?

Kalmar Helenanci ita ce karis, kuma masu fassara sun dace da suka zaɓi alheri. In Bahaushe ya ce wane ya yi mini alheri, ya bambanta shi da lada, wadda haƙƙin ma'aikaci ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, domin ciniki ne. Ya kuma bambanta shi da biki irin na mata, inda ake riƙe lissafin abin da ƙawa ta kawo domin a mayar mata da ƙari ranar nata sha'anin. Alheri ba a cancance shi, ba a kuma biyan sa. Duk da haka ba Bahaushen da zai ce wanda aka yi wa alheri ya tashi ba komai a wuyansa. Alheri danƙo ne, in ji masu iya magana. Yana manne mutum biyu. Muna ma da suna na musamman ga wanda ya karɓa ya juya baya, wato butulu, kuma zagi ne da ya fi ɓarawo ciwo. Ɓarawo doka ya karya. Butulu kuwa ba kotun da za ta kama shi, amma gari duka ya san abin da ya yi.

Wani masani na Jami'ar Durham a Ingila, John Barclay, ya fitar da babban littafi a 2015 a kan ma'anar kyauta a zamanin Bulus. Abin da ya gano shi ne, a duniyar wancan lokaci kyauta tana ƙulla zumunci ne, kuma ana sa ran amsawa. Sabon abin da Bulus ya kawo shi ne cewa Allah ya ba da tasa ga waɗanda ba su cancanta ba, ba tare da duba asali ko aiki ba. Tunanin cewa kyauta ta gaskiya ita ce wadda ba ta neman komai daga mai karɓa, tunanin Turawan baya-bayan nan ne. Abin da ya ɗauki masanin ɗaruruwan shafuka, tsohuwa a ƙauye ta san shi daga kalmar butulci.

Misalin da Yesu ya bayar a sura ta 18 ta Matiyu a kan wannan yake tafiya. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya kimanin dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan yinin lebura ne, wato bashin da ba a biyan sa ko an yi rai dubu. Bawan ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Sarki bai gindaya masa wani sharaɗi ba lokacin da yake yafewa, kuma bin bashin dinari 100 bai saɓa wa doka ba. Amma da labari ya koma fada, sarki ya kira shi mugu ya sa aka tsare shi. Laifinsa, alherin ya wuce ta kansa bai taɓa shi ba.

To, sau nawa?

Nan ne mai gardama zai tsayar da ni. Zai ce, ka yarda Kirista na iya faɗuwa sau da yawa, ka kuma ce ba zai iya zama ba. To faɗuwa ta nawa ce ke zama zama? Ta goma, ko ta ɗari? Bitrus ya taɓa neman irin wannan adadi game da yafe wa ɗan'uwa, ya kawo bakwai, aka ba shi lambar da ke nufin a daina ƙirge. In haka aka ɗora wa mutum, Allah ba zai gaza mutum haƙuri ba. Ƙidaya ba za ta raba mana ba.

Ɗauki mutum biyu da suka faɗi sau ɗaya-ɗaya a wata, shekara biyar. Na farko duk lokacin da ya faɗi yakan ce na yi zunubi. Ya gaya wa wani amintacce, ya sauya hanyar da yake bi zuwa gida, ya share lambar waya, ya sake faɗuwa, ya sake tashi da kunya. Na biyu kuwa ya daina jin komai, kuma alamar farko a harshensa take fitowa: ya sauya wa abin suna. Cin hanci ya koma na goro. Satar amsa a jarrabawa ta koma taimakon juna. Farka ta koma 'yar'uwa cikin Ubangiji. Kason da ake yanka daga kuɗin kwangila ya koma albarkar da Allah ya buɗe. Abin takaici ma, a ofisoshi da yawa sunan da ake sakaya toshiyar baki da shi shi ne "ɗan alheri". Mu da muke nazarin sakaya zance a aji mun san aikinsa shi ne rage wa kalma zafi. Wanda ya rage wa zunubinsa zafi har ya daina ƙona shi, wannan ya shimfiɗa tabarma. Na farkon fursunan yaƙi ne, na biyun ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa.

Ban ce wani na iya leƙa zuciyar wani ya yanke masa hukuncin lahira ba. Mabiya Calvin za su ce mai irin wannan zama bai taɓa samun ceto ba tun farko, mabiya Wesley za su ce ya samu ya yar. Sun yi ƙarnuka suna wannan musu, amma in mutumin ya zo gabansu ranar Litinin da safe, magana ɗaya za su gaya masa: tashi daga nan.

Wa ake sa wa horo?

A majami'u da yawa masu sujada da Hausa akwai abin da ake kira horo. Dattawa kan zauna, a sanar a gaban jama'a, a dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wasu watanni. Ba na gāba da horo. Bulus ya umarci Korantiyawa su fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ikkilisiyar tana taƙama maimakon baƙin ciki. A wasiƙa ta biyu kuma ya roƙe su su yafe wa wani da aka hora, su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Tambayata ita ce wa ake horarwa. Mafi yawa yarinyar da ciki ya fito, sai wanda ya ƙara mata, sai wanda aka tsinta a bakin kwata da warin burkutu. Yarinyar nan mai yiwuwa sau ɗaya ta faɗi. Jikinta ne kawai ba ya iya rufa mata asiri, shi kuwa saurayin sau da yawa yana cikin mawaƙa da rigarsa. Amma jerin nan na Galatiyawa da na ce zan dawo kansa, bayan fasikanci da maye, ya ƙunshi gāba da jayayya da kishi da fushi da tsattsaguwa da hassada. Yakubu kuma a sura ta biyar ta wasiƙarsa ya yi kuka da masu riƙe ladan waɗanda suka yi musu girbi. Yaushe aka taɓa jin an dakatar da dattijo daga Jibi saboda shekara goma yana danne albashin ma'aikatansa, ko saboda duk zaɓen shugabannin majami'a sai ya hura wutar ƙabilanci? Waɗannan su ne lokaci sabau na ainihi, su ne kuma aka fi yi wa sabon suna. Laifi tudu ne. In horo na kama mai tuntuɓe ɗaya ya bar mai zaman dirshan saboda baikonsa na da kauri, to ba shari'a ake bi ba, ba kuma alheri ba.

Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko a sura ta 19 ta Luka, irin wannan dattijon ne: mai kuɗi, wanda sana'arsa ta saba da ƙari a kan abin da aka yanka. Yesu ne ya fara gayyatar kansa gidansa, bai gindaya masa komai ba, jama'a suna gunaguni. Bayan haka ne Zakka ya miƙe ya yi maganar ba matalauta rabin dukiyarsa, da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Attaura ga wanda ya furta zambarsa da kansa ta nemi ainihin kuɗin ne da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, ninki huɗu kuwa hukuncin ɓarawon tunkiya ne. Shi ya zaɓar wa kansa sunan da ya fi muni.

A nan ma akwai aikin da ke jiran mai fassara. Aikatau biyun da Zakka ya yi amfani da su a Helenanci suna cikin sigar nan da muka gani a wasiƙar Yohanna. Wasu masana sun karanta su a matsayin sabau, wato Zakka na kare kansa ne cewa dama can yakan bayar, yakan kuma mayar. Mafi yawa sun karanta su a matsayin ƙudurin da aka yanke nan take. Turanci na iya barin zancen a tsakiya, amma Hausa sai ta zaɓa tsakanin "nakan" da "zan". Da ni aka ba alƙalamin, "zan" zan rubuta, domin amsar da Yesu ya bayar ta ambaci ceton da ya shigo gidan a wannan rana, ta kuma kira Zakka ɓataccen da aka zo nema.